Takalmin da Bai Taka Ruwa Ba

Shirun ne ya fara tsayar da ita.

Duk wanda ya taɓa kiwon kaji ya san ɗakin kaji dubu ba ya shiru. Da safe kana taɓa sakata za su ɗauka gaba ɗaya kamar kasuwa ta ci, kowace na faɗin albarkacin bakinta. Yau kuwa Auta ta zare sakatar ɗaki na uku, ba wadda ta tanka mata.

Sai wani sauti can ƙasa-ƙasa, kamar ana jan ruwa da tsinke a ƙasan kofi.

Kakari ne.

Ta tura ƙofar, ƙofar ta ƙi buɗuwa duka, don akwai abu a bayanta. Kaji ne kwance, sun fi ashirin, ƙafafu a miƙe. Waɗanda ke da sauran rai sun tsaya bakinsu a buɗe suna neman iska, kai ya kumbura, zanko ya koma baƙi-baƙi kamar an shafa masa shuni. Ta ɗaga ɗaya, majina ta zubo mata a hannu.

"Innalillahi..." Iyakar abin da ya fito ke nan.

Kafin ta ƙwala wa Baba kira, zuciyarta ta riga ta ruga cikin gida, ta shige ƙarƙashin gadonta, ta tsaya kan wani kwali.

Gonar nan Baba ya fara ta da kaji arba'in a bayan ɗaki, tun kafin a haifi Auta. Yanzu ɗakuna uku ne, kaji dubu uku masu ƙwai. Yayyenta duk sun watse, wani direba, wani malamin makaranta, kowa ya ce warin kashin kaji ya ishe shi. Ita kaɗai ta zauna, har ta fi Baban sanin wace kaza ce ke cin abinci a banza ba ta yin ƙwai.

Doka ɗaya Baba yake da ita, ba ta da ƙanwa ba ta da ya. A bakin kowace ƙofa akwai ɗan kwarmin siminti cike da ruwan magani. Ko waye kai, sai ka tsoma ƙafa biyu kafin ka shiga. Ruwan nan kuwa mugu ne, yana barin rawaya a jikin takalmi, ba sabulun da ke fitar da ita. Shi ya sa duk takalmin da ke gidansu yana da ɗamara rawaya, har silifas ɗin Inna na shiga banɗaki.

Likita ma da wannan ya fara tsokanarta. Likitan dabbobi ne, shi ke zagaya gonakin yankin yana duba kaji yana allura. Dogo ne siriri, in ya sa takalmin robarsa sai ka ce an dasa sanda a bokiti. Ranar farko da ya zo ya kalli ƙafarta ya ce ko a tsakiyar taron biki zai gane 'yar gidan nan, ƙasa kawai zai duba. Ta ce ai shi ko dubawa ba sai an yi ba, hanci ya isa. Daga nan aka ƙulla. Shi yana kiranta Uwar-kaji, ita tana kiransa Likitan marasa godiya, tunda duk wanda ya warkar ƙarshensa tukunya.

Da ya turo manya, Baba bai ce e ba, bai ce a'a ba. Cewa ya yi a dakata. Dalilin dakatawar kuwa yana da baki, sunansa Gwaggo, ƙanwar Baba, wadda in ta fara magana ko rediyo sai ya rage murya ya saurara. Gwaggo tana da nata ɗan takarar, Mai-dusa, wanda ke kawo musu abincin kaji. Mutum ne da tumbinsa ke riga shi yin sallama, turarensa kuma ya riga tumbin. A cewar Gwaggo, wanda ke ciyar da kaji ya fi wanda ke leƙa musu gindi.

To kwana huɗu kafin shirun nan, abubuwa biyu suka faru.

Da safe Likita ya zo zagayensa, ya shiga ɗakunan uku, ya fita.

Da yamma Auta ta je gaida mahaifiyarsa, ba da sanin Baba ba, Inna ce kaɗai ta sani. Ta sa takalmin da ya saya mata, fari tas, mai 'yan duwatsu a hanci. A dawowa aka yi yayyafi, motar haya ta sauke ta nesa, sai ta yanke ta cikin kasuwar kaji don ta yi sauri. Ƙasa duk caɓi, gashin kaji, kashi, ruwan fiɗa. Tana shiga gida Inna ta tare ta, wai bututun ruwa ya fashe a ɗaki na uku, Baba kuma ba ya nan.

Ta ruga. Ta iso bakin ƙofa. Takalmin roba yana can sito a kulle, ruwa kuma tana jin zubarsa a ciki.

Ta kalli kwarmin. Ta kalli farin takalminta.

Ta tsallake.

Minti biyar kawai ta yi a ciki. Minti biyar.

Yanzu ga Baba tsaye a inda ta tsallake, ƙafarsa biyu cikin ruwan magani, ya manta bai fito ba. Yana kallon kajin yana motsa baki, ba sauti.

Kafin azahar sun kwashe sama da ɗari. Kafin la'asar an fara jin kakarin a ɗaki na biyu.

Labari ba ya buƙatar kuɗin mota. Washegari da hantsi sai ga Gwaggo, sai ga Mai-dusa a bayanta da babbar mota cike da kwandunan kaji. Ya durƙusa da ƙyar ya yi jaje, sannan ya rage murya. Ya ce ɗaki na ɗaya har yanzu lafiyarsu ƙalau, a loda su yanzu-yanzu, yana da mutane a kasuwa da za su ɗauka ba tambaya. In aka bari hukuma ta ji, ko gashi ɗaya ba za a bar wa Baba ba.

Gwaggo ta karɓe. Ta ce ita dai tun farko ba ta yarda da mutumin da ke taka gona arba'in da ƙafa ɗaya ba. Wa ya shiga ɗakunan nan cikin makon nan in ba shi ba? An ce masa ya dakata da maganar aure, shi ne ya ɗebo annoba a ƙafa ya kawo.

Auta tana tsaye da kwandon gawar kaji a hannu. Bakinta ya buɗe.

Ya rufe.

Baba bai ce a loda ba, bai kuma ce kada a loda ba. Mai-dusa ya ɗauki shirun a matsayin izini, ya sa aka fara sauke kwanduna.

Auta ta zagaya bayan sito ta kira Likita. Sai da ta kuskure lamba sau biyu. Ta faɗa masa kakarin, da zankon, da motar. Bai yi mata wasa ko ɗaya ba, karo na farko tun haɗuwarsu.

"Uwar-kaji, in na zo, ba ni kaɗai zan zo ba. Kin gane abin da nake nufi?"

"Na gane."

"Baba ba zai yafe mini ba."

"In motar nan ta fita, gonar kowa za ta koma kamar tamu..." ta ce. "Ka zo kawai."

Ta je ta datse ƙofar gona da kwaɗo, ta jefa mukullin cikin rigarta. Mai-dusa ya yi lallashi, ya kira ta ƙanwata, ya kira ta gimbiya, daga baya ya kira ta marar kunya. Ba ta ko kalle shi ba.

Da motar ofishin su Likita ta iso, mutum shida suka fito cikin fararen kaya tun daga kai har ƙafa, hanci a rufe. Likita ya cire takunkuminsa ya durƙusa gaban Baba. Ya ce alamun murar tsuntsaye ne, za su ɗauki samfuri a kai ɗakin gwaji, amma daga yanzu ba kaza, ba ƙwai, ba buhu da zai fita daga gonar nan. Motar Mai-dusa ma sai an yi mata feshi.

Baba ya daɗe yana kallonsa.

"Na ba ka ruwa a gidan nan," ya ce. "Na bar ka ka zauna da 'yata a kan tabarmata. Kai ka kawo, kai kuma ka zo binnewa?"

Likita ya sunkuyar da kai. Ya ce Allah ya huci zuciyar Baba.

Sakamako ya fito bayan kwana biyu, amma kajin ba su jira shi ba. Ɗaki na uku ya riga ya ƙare, na biyu saura kaɗan. Aka kawo motar tona ƙasa ta haƙa rami a ƙarshen gona, wajen bishiyar da Baba ke hutawa. 'Yan ɗaki na ɗaya su ne suka fi ciwo, don da ransu da lafiyarsu aka kama su, suna ta kuka kamar kullum, wasu ma sun yi ƙwai da safen nan. Ƙwan ma ramin aka zuba. Da buhunan abinci, da garin katakon da suke kwana a kai. Aka bi da farar ƙasa, aka mayar da ƙasa.

Inna ta shige ɗaki ta toshe kunne. Baba kuwa ya ƙi matsawa, ya tsaya har aka daddale. Shekara ashirin da bakwai, cikin yini ɗaya.

A ranar ne, da ma'aikatan ke bi lungu-lungu da feshi, Likita ya ce a fito da duk takalmin da ke gidan. Auta ta kwaso su ta zube a tsakar gida. Ta koma ɗaki, ta tsaya kan kwalin nan, ta daɗe. Sannan ta fito da shi ta ajiye can gefe.

Ya buɗe. Ya juya takalmin. Garin katako ya maƙale a tsagar ƙasansa, ya bushe tare da wani ɗan gashin kaza. Jikinsa kuwa fari tas, ba ɗigon rawaya.

Ya ɗago ya dube ta.

Ita ƙasa take kallo.

Ya kankare ƙasan da tsinke, ya fesa masa magani a tafin kawai, ya mayar cikin kwali ya rufe. Ya ce a hankali, yadda ba mai ji sai ita, ba wanda zai iya rantsewa ta inda cutar nan ta shigo. Tsuntsun sama na kawo ta, tayar mota na kawo ta, buhun dusa ma na kawo ta.

"A ɗaki na uku ta fara," ta ce.

"Ki bar shi a kaina. Ni baƙo ne, in ya tsane ni zai iya barci. Ke fa?"

Ta so ta ce wani abu, Gwaggo ta leƙo, ya ja takunkuminsa ya wuce.

Bayan sun tafi gidan ya koma wani iri. Ba ƙarar bokiti da asuba, ba masu sarin ƙwai a bakin ƙofa. An ce ba za a sake zuba kaji ba sai bayan watanni. Baba ya ɗauki kujerarsa ya kai cikin ɗaki na ɗaya, kullum can yake wuni, yana kallon mazubin abinci da ba kowa. Ya rame har wuyan rigarsa ya yi masa yawa. Ruwan kwarmin ya ƙafe, ba wanda ya sake zubawa.

Mai-dusa kuwa ya mayar da gidan wurin aiki. Kullum yana tafe da leda, yana jaje kamar shi aka yi wa mutuwa. Shi ya kawo takardar ƙorafi, an buga ta tsaf, wai Likita ya shiga gona ba tare da ya tsabtace kayansa ba. Gwaggo ta riƙe takarda, Mai-dusa ya miƙa biro, Baba ya sa hannu. Ba a yi sati ba aka dakatar da Likita daga aiki, sai an gama bincike. Masu gonakin da da suke rububinsa, yanzu in sun hango shi sai su tsallaka titi.

Shi kuma ko a waya bai taɓa yi mata ƙorafi ba. In ta kira sai ya ce hutu ya samu, har ya fara ƙiba, nan da wata biyu zai kamo Mai-dusa. Tana dariya hawaye na zuba.

"Masoyi, ka daina..."

"In na daina me zan yi, Uwar-kaji?"

"Ba ni da kaji yanzu."

Wannan karon bai mayar da wasa ba, sallama kawai ya yi mata.

Abinci ya daina shiga mata. In ta ɗaga loma sai ta ji kakarin nan a kunnenta. Inna ta lura, ta tambaya sau biyu, ta ce ba komai. Sai ranar da Gwaggo ta zo da albishir. Wai Mai-dusa ya ce da zarar an buɗe gona zai cika ɗakunan uku da 'yan tsaki, shi ba ya son komai, sai dai a dube shi da idon rahama game da Auta. Baba ya ce ba zai yi wa 'yarsa dole ba. Sannan ya juyo ya dube ta, da idon nan da ya faɗa, ya ce ita kaɗai ce ba ta taɓa saɓa masa ba, duk abin da ta zaɓa ya yarda.

Wannan kalmar ce ta gama da ita.

Washegari da hantsi ta ɗauki kwalin ta nufi ɗaki na ɗaya. Baba na kan kujera. Ta durƙusa ta ajiye takalmin a gabansa.

Ta faɗa masa komai, ba ta rage ba. Zuwa gidan su Likita, yayyafin, kasuwar kaji, bututun da ya fashe. Sannan ta zo kan tsallakewar.

"Ban taka ruwan ba, Baba. Tsallakewa na yi. Don kada ya ɓaci."

Ya ɗauki ƙafa ɗaya ya juya ta a hannunsa. Ya shafa 'yan duwatsun da babban yatsa.

"Shi ya sani?"

"Tun ranar feshi."

"Ya bar ni na zage shi a gaban mutane."

"E, Baba."

"Ya bar ni na sa hannu."



Ya ajiye takalmin a hankali, kamar ƙwai.

"Kina shekara huɗu na fara ɗaga ki ina tsoma ƙafarki a ruwan nan," ya ce. "Kina kuka wai da sanyi. Yayyenki duk na dake su a kan kwarmin nan. Ke ban taɓa ba, don ban taɓa zaton..."

Bai ƙarasa ba. Da ya mare ta da ta fi samun sauƙi. Hannu kawai ya ɗaga mata alamar ta tafi.

Daga ranar ya daina kiranta Auta. In yana son abu sai ya ce da Inna a gaya wa yarinyar nan. Gwaggo da ta ji, ta ce ai duk da haka laifin Likita ne, wa ya ce ya sayi farin takalmi? Baba ya ce ta tashi ta tafi gidanta, ta kuma gaya wa Mai-dusa ya riƙe 'yan tsakinsa. Sannan ya sa babbar rigarsa, ya tafi ofis da ƙafarsa, ya ce a ba shi takardar da ya sa wa hannu. A gabansu ya yaga.

An mayar da Likita aiki. Amma suna in ya zube ba ya kwasuwa duka. Masu gonaki suka ce su dai a sauya musu wani, ofis kuma ya zaɓi zaman lafiya, aka tura shi wani yanki mai nisa, tafiyar yini guda.

Ana gobe zai tafi ya zo sallama, da la'asar. Bai shigo ba. Ya tsaya a wajen ƙofar gona, hannu a aljihu, ba takalmin roba, ba jaka. Ƙibar da yake faɗa a waya ƙarya ce, ya ƙara zama sanda.

Auta ta fito ta tsaya ta ciki. Farin takalmin ne a ƙafarta. Ya kalla, ya ce ashe dai yana da rabon ganinsa a ƙafa, shi da sai a kwali ya san shi. Ta ce ya yi shiru ko ta cire ta jefe shi da shi. Suka yi 'yar dariya, ta mutu nan take.

Ya ce da bai so ta faɗa ba. Ta ce ta sani. Ya tambayi jikin Baba, ta ce kwana goma sha ɗaya ke nan bai kira sunanta ba.

Sai suka ji ƙarar bokiti.

Baba ne ya fito daga sito, bokiti a hannu ɗaya, galan ɗin magani a ɗaya. Bai kalli kowa ba. Ya wuce su ya tsaya kan kwarmin babbar ƙofa, wanda ya bushe har ƙasansa ya tsage. Ya share busassun ganye da hannunsa. Ya zuba ruwa. Ya auna magani da murfi, ɗaya, biyu, uku, yadda ya saba shekara ashirin da bakwai. Warin nan ya tashi.

Ba kaza ko ɗaya a gonar.

Ya miƙe da ƙyar, ya dafa ƙugu. Har yanzu bai dubi Likita ba.

"Tafiyar yini guda ba ƙarshen duniya ba ce," ya ce, idonsa na kan bokitin. "In manyanka suna da ƙafa, su dawo. Taka ka shigo."

Likita ya cire hannu daga aljihu. Ya tsoma ƙafar dama, ya tsoma ta hagu, ya shigo ya zube a gaban Baba. Baba ya ce ya tashi, shi Baban ne ya kamata ya durƙusa, gwiwa ce ba ta yarda.

Ya juya zai tafi, sai ya tsaya. Idonsa ya sauka kan ƙafarta.

"Auta."

Ta juyo.

"Ke ma."

Ba daga waje take ba, ba kuma inda za ta shiga. Ta taka ta isa bakin kwarmin, ta sa ƙafa biyu a ciki. Ruwan da sanyi, kamar yadda yake tun tana shekara huɗu. Ta tsaya tana kallon rawayar tana hawa farin takalmin a hankali, ta rufe duwatsun ɗaya bayan ɗaya.

Ba ta fito ba sai da Baba ya ce ya isa.